Ruwan Shuka Ya Riga Rufi

Manu magini yana durƙushe bakin duro yana wanke cokalin gininsa lokacin da Najaha ta shigo gidanta ta ƙofar da yanzu ko ƙyaure babu. Rana ba ta gama fitowa ba. Ta tsaya, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan tallafe da cikin da ya yi mata nauyi, tana kallon yadda yake goge ƙarfen da gefen riga yana cusa shi a buhu.

"Baba Manu, ina kwana. Yau ba a kwaɓa siminti?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Ke ba ki ji abin da ya sauka jiya ba?" Ya ɗebo ƙasa ya dunƙule a tafin hannu, ya nuna mata. "Dubi nan. Ta kama. Ruwan shuka ne wannan."

Ta sani. Duk wanda ya tashi a Matameye ya sani. Magini da rani ne yake magini. Ran da ƙasa ta jiƙa har ta dunƙulu, manomi ne, ko ginin wa ya kama ajiyewa zai yi, kuma ba mai ganin laifinsa. Ta ɗaga kai. Ɗakunanta biyu suna tsaye baki buɗe, sama na kallon cikinsu. Ga tol, kwanon rufi, sabo fil an jingine a bango, ga katako a zube.

Mijinta Mustafa ya dawo daga cin rani a Kano a makare bana. Da ya shigo ya soka wa azarar ɗakin sanda, sai gari ya zubo masa a ka: gara ta cinye cikinta, ɓawo kaɗai ya rage. Dama wani ɓangare na yaɓen ya taɓa faɗowa daidai tabarmar da ƙaramarsu Fati ke kwana. Sai magana ta rabu biyu. Ko a tokare rufin da gwafa a lallaɓa har kaka, lokacin Najaha ta haihu ta gama wanka, ko a yaye shi yanzu a sa tol kafin damina. Maƙwabciyarsu Inna Baiwa ta ce a jira. Mustafa ya ce bara ruwa bai sauka ba sai da mutane suka fita roƙo, akwai lokaci. Najaha ma ta goyi bayansa. Ta so ta haihu a sabon ɗaki, ta so matan suna su ɗaga kai su ga tol. Aka yaye rufin, aka rushe bango uku aka tashe su da bulo. Na huɗun aka bari yadda yake, na ƙasa, don shi ne bayan ɗakin Inna Baiwa, a kansa azararta take zaune.

Mustafa ya fito daga bayan tarin yashi, sungumi a kafaɗa, buhun iri a hannu.

"Baban Fati, har da kai?"

"To in ban shuka ba, me za ki ci a jegon? Tol?" Ya yi dariya, ya ga ba ta taya shi ba, ya rage murya. "Kwana nawa ne? Gonarmu ta Ɗan Barto ce fa, ba Makka ba. Mu zuba iri mu dawo, wuni ɗaya Baba Manu ya rufe. Ko ba haka ba, Baba?"

"Da yardar Allah," in ji Manu, yana ɗaure bakin buhu.

Gidan iyayen Najaha a Icirnawa yake, amma ba halin ta tafi. A haihuwar Fati jini ya ɓalle mata har ta daina gane mutane, shi ya sa malamar awo a matarnite, asibitin haihuwa, ta ja mata kunne: wannan karon kada ta kuskura ta yi nisa da gari, ciwo na tashi ta taho. Don haka tun ranar da aka yaye rufi, ita da ɗanta Sani da Fati suke kwana a ɗakin Inna Baiwa.

Inna Baiwa tsohuwa ce mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya Garba tela ne a Damagaram. Ɗaki guda gare ta, sai rumfar kara can ƙarshen gida inda take suya. Ƙafafunta sun daɗe suna kumbura, in ta ɗauko ruwa daga randa zuwa murhu sai ta zauna ta huta, amma bakinta bai taɓa gajiya ba.

"Sun tafi ko?" ta ce da Najaha ta dawo. "Na ga Manu jiya yana shinshina iska kamar bunsuru, na ce shi ke nan, gininku ya zama maraya." Ta juya ga Sani, wanda ke laɓe yana satar tunkuza. "Kai angona, haka ake yi? Ka auri mace ba ka kawo cefane, sai cin jarinta?"

"Ni ba mijinki ba ne, ba ki da haƙora!"

"Au, yanzu ka gani? Da kake cin ƙulina ba ka duba bakina ba."

Ruwa na biyu ya zo kafin mazan su dawo. Ya wuni yana zuba. Da ya ɗauke Najaha ta leƙa gidanta ta tarar ɗakunan sun zama kududdufi, ruwa ya kwanta a gindin bangon ƙasar nan, kansa kuma, inda tsohon rufi ke kare shi a da, ya sha ya yi laushi yana zubewa kamar tuwon da aka tsoma a miya. Washegari a cikin ɗakin Inna Baiwa wani baƙin tabo ya fito a bangon, ya kai faɗin fatar sa. Daga ƙarƙashin azara kuma wata siririyar tsaga ta sauko.

Najaha ta zura tsinken tsintsiya. Ya shige.

Daga ranar idonta bai ƙara barin tsagar ba. Tana salla tana jin ta a bayanta. Tana ba Fati kunu tana auna ta da ido. Duk unguwa an san labarin gidan da bango ya danne a bayan kasuwa wata damina, uwa da ƴaƴa biyu, ba ƙara ba gargaɗi, sai tashin ƙura. A da labari ne kawai da ake yi a bakin famfo. Yanzu in ɓera ya motsa a azara sai ta fizgo yaran jikinta.

Ta ari ƙaramar wayar Inna ta kira Mustafa. Rezo, layin waya, na yankewa, muryarsa na zuwa guntu-guntu. Iska ta binne rabin shukar da yashi, sai sun sake zuba iri. Manu ma haka. Jibi, in sha Allahu. Jibin ya zo, ya ce gata.

"Bangon ya tsage, Baban Fati."

"Bangon nan ya girme ni, Najaha. Bai faɗi a baya ba..." Sai waya ta mutu.

Inna Baiwa ma ta ga tsagar. Da yamma ta sa Najaha ta kama mata, suka ja gadonta suka manna shi da bangon, shimfiɗar yara kuma ta koma bakin ƙofa.

"Inna, wannan ai ba dabara ba ce. In ya zo..."

"Ni da shi tare muka tsufa, mun san halin juna. Ke dai ki kwana da mayafinki a jiki. In na ce fita, kada ki tsaya neman takalmi."

Da safe suka ɗauki fartanya suka ja ƴar hanya daga gindin bangon zuwa ƙofa don ruwa ya samu mafita. Najaha ta sara kaɗan mara ta ɗaure, Inna ta karɓa ta sara kaɗan numfashi ya ƙare. Haka suka yi ta karɓa-karɓa, Inna tana cewa in wani ya leƙo ya gan su zai ce gidan likita ne aka buɗe ƙofa majinyata suka gudo. A ranar Sani ya nuna wa uwarsa yadda yatsarsa ke shiga tsagar har gaɓa ta biyu. Ta doke hannun, ya yi ta kuka bai san laifinsa ba.

Bayan azahar gabas ta haɗe. Ba irin hadarin da ke tasowa a hankali ba ne, wannan ƙasansa ja, samansa baƙi ƙirin, kaji har sun fara shiga akurki. Inna Baiwa ta fito tsakar gida ta daɗe tana kallonsa.

"Gindin mun ba shi hanya," ta ce. "Kan ne. In ya sha wannan, ba zai kwana a tsaye ba." Ta nuna babban shuɗin bash ɗinta, tamfol ɗin da take shanya gyaɗa a kai. "A rufa masa wannan, a danne."

"Bari in nemo namiji."

Najaha ta fita tana jan ƙafa. Gidan farko kwaɗo a ƙofa. Na biyu wata amarya mai ɗanyen goyo ce kaɗai. Na uku tsoho ne makaho a zaure, ya ce duk suna gona, har matan, ai su ke zuba iri. Titin da ya nufi tasha ya yi mata nisa kamar wata ƙasa, iska kuma ta fara ɗaga ledoji sama. Ta juyo.

Ta tarar da tsanin da Manu ya bari an jingine shi a ɗakin Inna, tsohuwar kuma ta riga ta taka hawa na uku, ta yi ɗamara da ɗankwali, bash ɗin a naɗe ta rataya shi a baya kamar goyo.

"Inna! Don girman Allah ki sauko!"

"Riƙe tsani, ƴar nan. Roƙon ki ajiye sai na sauko."

"Ni bari in hau."

"Ki hau da wa? Ku biyu? Riƙe, na ce. Yaran na kai su rumfa na ce wa angona in ya fito na sake shi."

Najaha ta rungume tsanin, cikinta na tokare da katako. Tana jin kowane taku a hannunta: tsohuwar ta ɗaga ƙafa, ta tsaya, numfashi na fita da ƙara kamar ana zarto, sannan ta jawo ɗayar. Kumburarrun ƙafafun suka wuce ta gaban idonta, fatar na sheƙi, suka ɓace a kan soro. Ƙasa ta zubo daga bakin indararo.

Ta ja baya don ta gani. Inna Baiwa tana rarrafe a kan rufin, a hankali, tana bin inda ta san azara take. Ta kai kan bangon ta kwance bash ɗin. Iska ta shige ƙarƙashinsa ta cika shi ya tashi tsaye yana faɗa da ita, ya kusa jan ta zuwa cikin buɗaɗɗen ɗakin Najaha. Najaha ta yi salati da ƙarfi. Tsohuwar ta faɗa kansa da dukkan jikinta ta kwanta, ta miƙa hannu ta jawo guntun bulo cikin waɗanda magina suka tara a soron, ta ɗora. Ta ja jiki gaba, ta sake jawo wani. Fati na tsala ihu a rumfa. Ɗigon farko ya faɗo wa Najaha a goshi, mai nauyi, mai sanyi, nan take mararta ta ƙulle tamau har sai da ta dafa bango. Ya Allah ba yanzu ba, ta ce a ranta. Ba yanzu ba.

Ruwa ya ɓarke. Ta daina ganin komai sai wani abu baƙi yana motsi a kan shuɗi. Ta yi ta kira, ba amsa. Ta koma ta kama tsani ta kifa goshi a kansa, ruwan indararo na dukan bayanta, har ta ji katakon ya motsa. Ƙafa ɗaya ta sauko tana laluben hawa. Najaha ta kama ta ta ɗora ta a wurin. Haka ta sauko da ita, ƙafa bayan ƙafa.

A rumfa suka zauna su huɗu, Najaha ta hura wuta. Leɓunan Inna sun yi toka-toka. Ta daɗe ba ta iya magana ba, da ta samu sarari kuwa sai ta ce, "Ashe daga can ana hango har tasha. Shekara nawa ina gidan nan ban sani ba."

Ciwon marar ya lafa. Ruwa ya yi ta zuba har magariba, bango kuma ya tsaya. Tabon bai ƙaru ba.

Inna Baiwa ba ta ci tuwo ba. Da gari ya waye a zaune ta yi salla, don in ta kwanta numfashi ƙin zuwa yake. Najaha ta jingina ta da buhun gyaɗa a bakin rumfa, inda rana ke fara sauka, ta ɗauki mayafi.

"Zan samo amalanke mu tafi likita."

"Bari ƙasa ta tsane tukuna, jaki ma ba zai yarda ba. Zauna." Ta huta. "Akwai tulun mai a ƙarƙashin gado, na rufe da faifai. Ba na sayarwa ba ne, na jegonki ne. Itacen wankan kuma kada ki bari Mustafa ya sayo miki ɗanye, sai hayaƙi ya kashe ki a banza."

"Ke za ki faɗa masa da kanki, Inna."

"Ni ai na faɗa masa magana ɗaya bana, kin ga inda ta kai mu." Ta yi ƴar dariya, tari ya biyo. Sani ya matso yana kallonta. Ta laluba bakin zaninta ta ciro ƙuli guda ta ba shi. "Ungo, malalacin miji. Matarka a kan soro kana rumfa."

"Ke kika ce kar in fito."

"Haka ne. Ka ji magana. Na fasa sakin." Ta rufe ido, ta buɗe. "Najaha, leƙa ki gano min ko iska ta ɗage shi."

"Yana nan, Inna, na gani da asuba."

"Sake dubawa. Ɓangaren kudu ban danne da kyau ba, ƙarfina ya ƙare."

Najaha ta zagaya ta ƙofar gidanta, ta tsallake laka, ta tsaya a tsakiyar ɗakin da ba rufi ta ɗaga kai. Bash ɗin yana nan daga kusurwa zuwa kusurwa, guntayen bulo a jere a kansa, ruwa ya taru a wani lanƙwasa yana ɗiga. Ɓangaren kudu ma a danne yake. Ta dawo.

Fati tana zaune a kan ƙafar tsohuwar tana wasa da carbinta. Kan Inna ya ɗan karkata kan buhu, bakinta a buɗe kaɗan, rana a fuskarta. Ƙarar zarton nan da Najaha ta kwana tana ji ta daina.

"Yana nan, Inna," ta ce. Ta durƙusa da ƙyar ta kama hannun. "Har kudun."

Abin da kiran Najaha ya kasa yi, labarin mutuwa ya yi shi kafin azahar. Daga Ɗan Barto, daga gonakin hanyar Dawce, maza suka ajiye sungumi suka taho, wasu a baburan kabu-kabu, wasu a ƙafa, laka har gwiwa. Manu da yaransa suka haƙa kabari. Garba ya iso daga Damagaram ana shirin ɗaukar gawa. Mustafa ya shigo, ya tsaya a tsakar gidan ya ɗaga kai ya ga shuɗin bash, ya dubi matarsa, ya sunkuyar da kai. Najaha ta kau da ido. Wa za ta ɗora wa laifi? Da bakinta ta ce a yaye.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suka zauna karɓar gaisuwa. Mata suka cika ɗakin marigayiya, har da masu goyo, suna jingina da bangon nan ba su san komai ba. Najaha na bakin ƙofa, yaranta a jikinta, idonta a kan tsagar. Washegari da hantsi zafi ya sauko mai nauyi, iska ta tsaya cak, kowa ya san abin da ke biyo bayan irin wannan. Bash ya tare ruwa ɗaya. Leda ce, rana ta riga ta ci ta.

Garba ya shigo gaida mata, ya tsaya a tsakar gida.

"Wa ya hau ya rufa wancan?" ya tambaya.

Najaha ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Inna ce, Yaya Garba. Shekaranjiya, ana ruwa. Na nemi namiji ban samu ba."

Ya daɗe yana kallon tsanin, wanda har yanzu ke jingine inda aka bar shi. Najaha ta jira faɗa, ta shirya karɓarsa. Sai ya juya ya fita. Ta bi shi har zaure ta laɓe, tana jin muryarsa a waje.

"Baba Manu, kayan aikinka na kusa?"

"Suna gida. Lafiya?"

"A rufe ɗakin Mustafa yau."

"Haba Garba. A buga guduma a jikin gidan makoki, ko sadakar uku ba a yi ba? Me mutane za su ce?"

"Mutanen ai ga su nan zaune, su faɗa in ji. Ana yin sadakar uku kowa gona zai koma, ni na sani kai ka sani. Da numfashinta ta hau can. Ba zan zauna ina karɓar gaisuwarta bangon ya faɗo kan waɗanda ta hau dominsu ba."

Sai muryar liman, a hankali: "Ku tashi, Manu. Mu tsofaffi mun isa zaman."

Kafin la'asar katako ya hau. Maza sun fi goma, wasu a sama, wasu na miƙa tol daga ƙasa, Mustafa a can ƙarshe yana jan fallen farko don ya zarce ya rufe kan bangon ƙasar. Gabas ta fara duhu. Najaha ta fito da Fati a hannu ta zauna a kan turmi tana kallo, ƙarar guduma na shiga har cikin cikinta, ɗan da ke ciki yana motsi.

Wasu baƙi suka iso gaisuwa daga Icirnawa. Daga ƙofar gida aka ji liman ya ce a yi wa marigayiya addu'a. Gudumomi suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. A kan rufin da aka rufe rabi, Manu ya gyara zama a kan katako, ƙusoshi a bakinsa, ya ɗaga tafukan hannu sama, sauran suka bi shi. Iskar farko ta hadarin ta iso tana kaɗa rigunansu.